Esmeron wajen sa wa yara bututun numfashi: yadda na same shi a wurin aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan aiki. Yau maganar rokuroniyam zan yi, allurar sakin jiki da ake ba wa mutum lokacin tiyata, wanda yawancinmu muka fi sani da Esmeron, a Amurka kuma Zemuron suke ce masa. Tambayar da ɗalibai da sabbin shiga aikin allurar barci suka fi yi min ke nan, wai in yaro ne kwance a kan tebur, wace allurar sakin jiki za a ja kafin a zura bututu, Scoline (wato sukusametoniyam, tsohuwar allurar sakin jiki) ko wannan? Ni dai amsata rokuroniyam ce a mafi yawan yara, amma da sharaɗi, wato a kasance da na'urar gwada tsoka, kuma sharaɗin ne ya sa na zauna rubuta wannan, don na lura wasu sun ɗauki sunan maganin sun bar sharaɗin a baya.

Maganin kansa ba sabo ba ne, tun 1994 ya shigo kasuwa, kamfanin Organon ne ya fito da shi. Ruwa ne garai a kwalba, miligiram 10 a kowane mil ɗaya, kwalbar da aka fi gani mil 5 ce wato miligiram 50. Ba sai ka dama komai ba, ka ja kawai. Aikinsa shi ne ya je ya tare wurin da jijiya ke miƙa wa tsoka saƙo, ya zauna a wurin ba tare da ya motsa tsokar ba, shi ya sa ba za ka ga karkarwar nan ta jiki da Scoline ke sawa ba. Scoline shi sai ya fara kunna tsokar tukuna sannan ta saki, kuma yawancin matsalolinsa daga wannan kunnawar suke tasowa.

Abin da ya fi burge ni da shi saurin kamawa ne. A cikin 'yan gidansu, wato su bekuroniyam da atrakuriyam da fankuroniyam, babu mai saurinsa. In ka ba da miligiram 0.6 a kowane kilo, cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi haɓa ta saki, ka leƙa ka ga tantanin murya a buɗe ba ya motsi, bututu ya wuce salin alin yaro bai yi tari ba bai banƙare ba. In kuwa gaggawa ce, yaro cikinsa cike, ko hanji ya toshe, ko jini ne ke zuba bayan an cire masa tonsil, sai ka hau zuwa miligiram 1 ko 1.2 a kilo, a nan kusan kafaɗa da kafaɗa yake da Scoline. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya ta tantance shi, suka fitar a 2015 ta nuna in an haɗa duka binciken Scoline ya ɗan fi ba da kyakkyawan yanayin sa bututu, amma da aka ware waɗanda suka ba da 1.2 ba a ga bambanci ba. Abin da nake gani da idona ma ke nan.

Wannan minti ɗayan a wurin yaro ba ƙaramin abu ba ne. Jariri yana shan oksijin kusan ninki biyu na babba in an auna da kilo, wajen mil 6 zuwa 8 a minti, babba kuwa wajen 3, ga ɗan huhunsa ba shi da wani ajiya, ga shi ba ya yarda ka rufe masa fuska ka cika shi da oksijin kafin barci yadda babba zai yarda. Kana tsaye kana jiran magani ya kama sai ka ji ƙarar monita tana sauka, 97, 92, 85, kuma a yaro in oksijin ya faɗi bugun zuciya ne ke bin bayansa. Shi ya sa ko a gaggawa yawancinmu yanzu muna ɗan matsa wa yaro jakar iska a hankali, ba da ƙarfi ba, har magani ya kama, maimakon a tsaya cak a zuba ido kamar yadda ake koyarwa a da don manya. Da rokuroniyam wannan salon yana tafiya daidai, ba ka cikin fargabar cewa maganin zai sake ka a tsakiyar ƙoƙari, ko ba ka samu a leƙen farko ba yaro na nan a sake, ka ba shi iska ka gyara kai ka sake gwadawa. Da Scoline kuwa minti biyar ya fara janyewa, ka ƙara na biyu zuciya ta yi ƙasa.

To me ya sa ba na ɗauko Scoline a aikin yau da kullum, alhali ya fi kowa sauri kuma ya fi kowa saurin fita? Saboda yaro namiji ɗan shekara uku ko huɗu zai iya zuwa maka lafiya lau a ido, iyaye su ce ba shi da komai, alhali yana ɗauke da ciwon lalacewar tsoka irin na Dushen wanda bai gama bayyana ba. Ka ba shi Scoline tsokar ta farfashe, potasiyam ya kwarara cikin jini, zuciya ta tsaya cikin 'yan mintuna. A mai lafiya potasiyam ɗin kamar milimol 0.5 a litar jini kawai yake ƙaruwa, a irin wannan yaro kuwa ba iyaka. Irin waɗannan mace-macen ne suka sa hukumar magunguna ta Amurka, FDA, a farkon shekarun 1990 ta sa babban gargaɗi a jikin takardar maganin, cewa a yara a bar shi sai gaggawa ko inda dole a kama hanyar iska nan take. Ga kuma mugun zazzaɓin nan na gado da allurar barci ke tayarwa, wanda jiki ke sandarewa zafi ya yi ta hawa, Scoline yana cikin masu tayar da shi tare da iskar barci irin su halotin da sebofuluren, maganinsa dantrolin, kuma ba kowane ɗakin tiyata ke da shi a ajiye ba. Ga yaron da ya ƙone in ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu, ga wanda ya daɗe kwance ba motsi, ga wanda ya gaji ƙarancin sinadarin jinin da ke narkar da maganin, wanda allurar minti biyar sai ta riƙe shi awanni. Rokuroniyam ba ya tayar da zazzaɓin nan, ba ya taɓa potasiyam, bugun zuciya ma in ya taɓa shi to ɗan ƙaruwa ne kaɗan. A wurina wannan kaɗai ya isa ya ba shi gaba.

Amma fa kar wani ya ji wannan ya kwashe Scoline daga tire. Ni ko wane yaro zan sa barci sai na tabbatar yana kusa, shi da atrofin mai ɗaga bugun zuciya, na riga na lissafa adadin. Maƙogwaron yaro yana iya kullewa lokaci guda, musamman mai mura ko wanda aka fara wa barci da iska tun ba a sa kanula, ɗan bututun da ake sawa a jijiyar jini, ba, a wannan lokacin ba jijiya a hannunka, Scoline miligiram 4 a kilo a cinya shi ne abin da aka sani yana aiki. Rokuroniyam a tsoka yana da jinkirin kamawa, ba na dogara da shi a irin wannan wuri. In ta jijiya ce kuma za a sa bututu da Scoline, ƙananan yara sun fi buƙatar mai yawa, miligiram 2 a kilo, saboda ruwan jikinsu ya fi yawa maganin yana bajewa, atrofin kuma 0.02 a kilo. Wannan gurbin har yanzu na Scoline ne.

Yanzu aibobin rokuroniyam, don yana da su kuma ba na son a ɓoye.

Na farko kuma babba, yana daɗewa. Miligiram 0.6 a kilo zai riƙe mutum wajen rabin awa ko fiye, in ka ba da 1.2 ka shirya wa awa guda ko sama da haka. Yara 'yan shekara biyu zuwa goma sun fi manya saurin fitar da shi, amma jarirai akasin haka ne, a wurinsu sai ya zama kamar maganin dogon zango, saboda mahaɗar jijiya da tsokarsu ba ta gama nuna ba, hanta ma wadda ita ce ke fitar da mafi yawansa ba ta gama ƙwari ba. Sai ka ga aikin minti goma sha biyar, likitan tiyata ya gama ɗinki ya cire safar hannu, jariri kuwa ko yatsa bai motsa ba. A nan ne mutane ke yin gaggawar da ke cutarwa, a ba da niyostigmin, maganin da ke dawo da ƙarfin tsoka, tun lokaci bai yi ba, yaro ya ɗan motsa a ce ai ya dawo, a zare bututu, a kai shi ɗakin farfaɗowa yana numfashi sama-sama, harshe na faɗawa baya. Niyostigmin ba ya iya tayar da wanda maganin ya danne sosai, sai jiki ya fara dawowa da kansa sannan yake taimakawa, kuma yana da iyaka, ko ka ƙara ba ƙarin amfani. Adadinsa 0.05 a kilo tare da atrofin ko makamancinsa gilaikofirolet, a kuma ba shi wajen minti goma ya yi aikinsa.

Wannan ya kawo ni kan sharaɗin da na ambata a farko. Duk mai son aiki da rokuroniyam a yara ya nemi na'urar gwada tsoka, wadda ake liƙawa a wuyan hannu ta ba jijiya bugu huɗu a jere a ga yadda babban yatsa ke amsawa. Ba a zare bututu sai bugu na huɗu ya kai kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin na farko. Ido da taɓawar hannu ba sa iya gane wannan, da zarar ya wuce kusan kashi 40 ma duk huɗun iri ɗaya za ka ji su, shi ya sa mai nuna lamba ta fi. Babba za ka ce masa ɗaga kai ko matse min hannu, ɗan wata shida fa? Muna duba ko yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, alama ce mai kyau amma ba ta kai awo ba. Na san hannun jariri ƙarami ne liƙa abin yana da wahala, kuma sau da yawa hannun na ƙarƙashin zanin tiyata, duk da haka gara a sha wahalar.

Abin da ya ɗaga darajar rokuroniyam sosai shi ne zuwan sugamadeks, wato Bridion. Turai ta amince da shi a 2008, Amurka sai a ƙarshen 2015, a 2021 kuma Amurkan ta buɗe shi ga yara daga shekara biyu. Shi ba ruwansa da jijiya ko tsoka, zobe ne na sukari mai rami a tsakiya, yana kama rokuroniyam a cikin jini ya rufe shi kamar kube da wuƙa, su fita tare ta fitsari. Miligiram 2 a kilo in bugu na biyu ya dawo, 4 a kilo in maganin ya danne sosai, cikin minti biyu zuwa uku yaro ya dawo da ƙarfinsa, ba yawan miyau ba murɗawar ciki irin ta niyostigmin. Wallahi duk wanda ya daɗe yana zaman jiran jariri ya motsa, ranar da ya fara ganin wannan sai ya ji daɗi har ransa. Yana da tsada, ba ko'ina ake samunsa ba, amma in kuna da shi to rokuroniyam ya zama wani magani daban. Miligiram 100 ne a mil ɗaya, yaro mai kilo 10 mil 0.2 ke nan, don haka ana sirka shi ya koma miligiram 10 a mil saboda awo ya fita daidai. A sa ido a kan bugun zuciya bayan an ba da shi don yakan sauke shi a wasu, ba a son shi ga mai ciwon ƙoda mai tsanani, kuma 'yan mata da suka tasa in suna shan ƙwayoyin homon irin na tazarar haihuwa a gaya musu yana rage ƙarfinsu na kwana bakwai. Sannan ba ya aiki ko kaɗan a kan atrakuriyam, shi dai rokuroniyam da bekuroniyam yake kamawa.

Akwai wani tunani da nake ji a bakin matasa wanda yake damuna ƙwarai, wai tunda akwai Bridion ko bututu ya ƙi shiga iska ta ƙi shiga sai a ba da miligiram 16 a kilo yaro ya tashi. Don Allah a daina dogaro da wannan. Shi tsoka kawai yake dawowa da ita, maganin barci furofofol da na kashe ciwo fentanil ɗin da ka bayar suna nan suna danne numfashi, abin da ya toshe hanyar ma yana nan, kafin a nemo kwalba a lissafa a ja, jariri ya riga ya yi baƙi. Yaron da ka hango hanyar iskarsa za ta yi wuya, mai ƙaramar haɓa ko ƙari a wuya ko wanda baki ba ya buɗewa, shirinsa daban ne tun daga farko, a nemo babban likita, a tanadi kayan aiki, a yanke shawara ko za a bar shi yana numfashi da kansa.

Aibi na biyu, yana da zafi a jijiya. Ko yaro ya yi barci za ka ga ya fizge hannu ana turawa, wani lokaci har kanula ta nemi fita, don haka a riƙe hannun, a tabbatar barci ya yi nisa tukuna. In allurar barci tiyofental kuka yi amfani da shi a wanke layin da ruwa kafin a tura, don in suka haɗu suna yin gudaji su toshe kanula. Na uku, yana cikin magungunan da aka fi samu da tayar da mummunan borin jini a ɗakin tiyata, shi da Scoline, ba kasafai ba ne a yara amma adirenalin ya kasance a kusa.

Wani abu kuma da ba laifin maganin ba ne amma da shi ake yin sa: ragowar da ke maƙalewa a cikin kanula. Jariri mai kilo 3, miligiram 1.8 ne adadinsa, bai kai mil 0.2 ba, wato ɗan abin da ya rage a bakin kanula ya isa ya tsayar masa da numfashi. A kai shi ɗaki, nas ta zo ba da maganin ciwo ta tura ruwa, yaro ya saki babu kowa a kansa. A wanke kowace kanula kafin yaro ya bar tebur, a yi amfani da sirinji mai mil ɗaya, a liƙa jan tambari a jikinsa. Kuma kullum a tuna wannan allura ba ta sa barci ba ta kashe ciwo, yaro zai iya kasancewa a farke yana jin komai ya kasa ko ƙifta ido, wannan tunanin kaɗai yana sa ni duba tulun iskar barci sau biyu.

Sauran 'yan uwansa ba zan daɗe a kansu ba. Atrakuriyam, wato Tracrium, 0.5 a kilo, yana narkewa da kansa a zafin jiki ba ya jiran hanta ko ƙoda, shi nake ɗauka ga yaro mai ciwon ƙoda ko hanta, da kuma jariri in ba Bridion, don lokacinsa ya fi tabbas, sai dai yana ɗaukar minti biyu zuwa uku kafin ya kama kuma yakan sa jan fata ko shaƙewar ƙirji ga mai asma. Sisatrakuriyam ya fi shi tsabta ta wannan fannin amma ya fi shi jinkirin kamawa. Bekuroniyam gari ne, ba ya buƙatar firij, wannan babban alheri ne, amma a jarirai shi ma yana daɗewa ƙwarai. Rokuroniyam kuwa firij yake so, digiri 2 zuwa 8, in an fito da shi yana da iyakar makonnin da zai yi a waje, a duba takardar kamfanin a rubuta ranar fitarwa a jikin kwalba, don wanda zafi ya taɓa sai ka ba da cikakken adadi ka leƙa ka tarar tantanin murya na motsi.

Akwai masu cewa su ba sa ba yara maganin sakin jiki sam, sebofuluren mai zurfi da furofofol sun ishe su. Ana yi, kuma a ɗan gajeren aiki ga yaro babba mai lafiya yana tafiya. Amma a jarirai barcin da zai kai ka sa bututu ba tari yana sauke hawan jini sosai, in kuma bai kai ba maƙogwaro ya kulle. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin allurar barci ta Turai ta fitar a 2024 kan jarirai da 'yan ƙasa da shekara ɗaya sun ba da shawarar a ba da maganin sakin jiki kafin sa bututu matuƙar ba a buƙatar yaron ya ci gaba da numfashi da kansa, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari, leƙe ɗaya mai kyau ya fi uku na kokawa.

In iyaye ne ke karanta wannan, ba ku za ku zaɓi maganin ba, amma amsarku ce ke zaɓar mana shi. In mai allurar barci ya zo duba yaro kafin tiyata ya ce Baba ko Mama, akwai wanda ya taɓa samun matsala da allurar barci a dangi, ku yi tunani sosai har ɓangaren kawunnai na wajen uwa, don ciwon Dushen ta nan yake biyowa. Ku faɗa in yaron ya yi jinkirin fara tafiya, ko yana yawan faɗuwa, ko sai ya dafa gwiwa yake miƙewa daga zaune, ko ƙwaurinsa ya yi kauri fiye da sauran jiki. Ku faɗa in yana mura, ku kuma faɗi gaskiyar lokacin da ya ci abinci ko ya sha nono na ƙarshe ko da kuna tsoron a ɗaga aikin.